Wasan Ɓarawo a Gidan Maharazu

Keke aka sace a bayan gidan Maharazu. Wani tsohon keke ne da tsatsa ta gama ci, wanda ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara. Amma ranar layinmu bai zauna lafiya ba. Ni da su katanga ce ta raba mu a unguwar Lewisham da ke London, ta cikin gida bulo, ta lambu kuwa katako ne da bai kai kafaɗata ba. Saboda haka abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji ba, da idona na gani.

Ina shanya na hango shi tsaye a inda keken yake, da jallabiya da silifas, ya riƙe ƙugu.

"Anti Bilqis, kin ga abin da aka yi mana? Yau keke, gobe mu. Bindiga zan saya."

"Ka dai sayi kwaɗo," na ce.

Ya yi dariya har da tafa hannu. Maharazu ke nan. Mutum ne mai fara'a, ba ya zagi, ba ya duka, yana aiki a wani ofis kusa da Charing Cross, kuma duk abin da ya shiga ransa da ƙafa biyu yake faɗa masa. Bara kifin ado ne, kafin nan keken da aka sace. Matarsa Habiba ta saba, in ya tashi da sabon zazzaɓi sai ta taya shi murna har ya sauka. 'Yarsu Zarah, mai shekara shida, ita ce 'yar kanzaginsa. Sai Murja, ƙanwar Habiba, wadda ke zaune a ƙaramin ɗakinsu na sama tana karatun jinya.

Zazzaɓin bindiga kuwa bai sauka ba. Ya je wani shagon kayan harbi a bayan gari, ya dawo baki har kunne duk da abin da aka gaya masa. Mai shagon ya ce ƙaramar bindiga irin ta fim haramun ce a ƙasar nan, ko kai ɗan wane ne. Abin da zai iya saya ya tafi da shi ita ce bindigar iska, wadda ake sa wa ɗan tulun gas, tana harba dalma kamar ƙwayar dawa. In kuma mai harsashin gaske yake so, mai dogon baki, sai ya shiga kulob ɗin harbi, a yi watanni ana kallon halinsa, sannan 'yan sanda su zo har gida su gan shi su ga mutanen gidansa. Ya kuma ja masa kunne, kada ya kuskura ya ce don tsaron gida yake so, a nan wannan ba hujja ba ce.

"Sai na ce masa sport," in ji Maharazu, yana kashe mini ido ta saman katanga. "Amma ni da ke mun san ɓarawo ba ya tambayar lasisi."

Zaɓen ta iskar ma sai da ya zama biki. Ya auna tafin hannunsa da tef ɗin ɗinkin Habiba. Ya riƙa yawo a cikin gida da rimot, yana saita fitila, ido ɗaya a rufe. Wata Lahadi ya tara mu a falo, ni da abokinsa Inusah, wani direban tasi ɗan zangon Kumasi. Ya jona wayarsa da talabijin, hotunan bindigogi suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana tallar atamfa.

"Wannan mai juyi ce, ba ta cijewa, amma akwai nauyi. Wannan baƙar kuwa, ku dubi yadda ta zauna. Ɓarawo ya yi ido biyu da wannan, ai sai fitsari."

"Maigida, ɗauki baƙi nan," in ji Inusah da Hausarsa ta zango. "Mai juyi na kaboyi ne, ya tsufa."

"Is there a pink one?" in ji Zarah.

Habiba ta ce ita dai a sayo wadda za ta shiga durowa, kada a huda mata bango. Aka yi ta shewa. Ana cikin haka Murja ta shigo da tiren shayi.

"Murjanatu 'yar ƙauye," in ji Maharazu, "ke wacce kika zaɓa?"

Ba ta kalli talabijin ba. Ta ajiye tiren ta ce, "Wadda ba ta ƙara, Yaya."

Falon ya sake barkewa da dariya, ita kuma ta koma kicin.

Babu wanda bai san dalili ba a falon nan. Kafin ta zo ƙasar nan an tare motarsu a hanyar Birnin Gwari. Ta kwanta rub da ciki a kan tsakuwa, da bakin bindiga a ƙeyarta, tana jin ana harbi a kanta. Allah Ya yi da sauran shan ruwa. Da ta zo London, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura. A hankali ta warware, ta koyi shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita kaɗai, ta fara tsokanar mutane, har ta yi kumatu. Hannunta kuwa, tubarkalla. In ta zana miki lalle sai ki rantse inji ne ya buga. A asibitin da take koyon aiki, tsofaffi masu ɓoyayyar jijiya ita suke nema ta ɗebi jininsu. Jarrabawa ɗaya ta rage mata, ta aikin hannu a gaban malamai, ta zama cikakkiyar nas. Duk abin da yarinyar nan ta zo nema a ƙasar nan, a hannuwan nan biyu yake.

Aka sayo baƙar. Ya raɗa mata suna 'Yar Baƙa, ya sayo tsire da lemo, aka yi walima. Ya jera gwangwanayen tumatir a ƙarshen lambu, ya buɗe ƙafa, ya cije leɓe. Harbin farko ya fasa tukunyar furen Habiba. Na biyu ya samu bokiti. Da aka yi sa'a gwangwani ɗaya ya faɗi, sai ga magidanci da gemunsa yana tsalle, Zarah na rawa, Inusah na kabbara, Habiba na ɗaukar bidiyo tana sawa a status. Na ɗaga kai na ga Murja ta rufe tagar ɗakinta, ta saki labule.

Ya shiga kulob. Duk Asabar sai ya dawo da takardar da ya huhhuda, a manna a jikin firij, a tsaya ana yabo. Da a nan abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba.

"Takarda ba ta motsi," ya ce wata rana. "Ɓarawo kuwa yana motsi. Dole mu yi atisaye."

Atisaye yana buƙatar ɓarawo. Habiba uwar gida ce, ba a yi mata haka. Zarah yarinya ce. Sai Murja. Kun dai san al'adarmu, ƙanwar mata abokiyar wasan miji ce. Ya tsokane ta, ta tsokane shi, ta ɓoye masa hula, ya ce mata mummuna, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. Al'ada ce mai daɗi, ni ma na ci moriyarta a gidan yayata. A wannan ƙofar Maharazu ya shigo da bindigarsa.

Ya ba ta baƙar rigarsa mai hula. Ya ce ta zagaya ta lambu, ta buɗe ƙofar kicin a hankali kamar mai sanɗa.

"Yaya, don Allah a bar ni."

"Babu ƙwaya a ciki fa, iska ce kawai. Ƙara ce kurum."

"Ke dai kin cika tsoro," in ji Habiba tana dariya. "Mijin yayarki ne. In bai yi wasa da ke ba, da wa zai yi?"

Ina tsaye a lambuna ta wuce cikin rigar da ta yi mata yawa. Ta yi mini wani murmushi, irin na wanda aka sa dole ya ɗauki hoto. Ta murɗa ƙofar.

"Tsaya nan, ɓarawo!"

Sai ƙara, tas. Sai shewa. Zarah na tsalle tana cewa a sake. Maharazu na bayanin yadda ya laɓe a bayan firij, yadda ya fito da kafaɗar dama. Aka gama dariya, aka fara maganar abincin rana, Murja na nan tsaye a bakin ƙofa da hannuwanta a sama. Sai da Habiba ta zo ta sauke mata su.

Daga ranar aka daina sanarwa, domin wai ɓarawon gaske ba ya yin booking. Ta fito daga banɗaki, tas. Ta sauko daga bene da jakar makaranta, tas. Ta idar da salla tana naɗe darduma, sai ta ji sanyin ƙarfe a bayan kunnenta da muryarsa ƙasa-ƙasa, "Kin mutu, 'yar ƙauye." Zarah ta koya. Ita da yatsu biyu take nata, ta faɗo daga bayan kujera tana cewa, "Hands up, thief." Uban ya ce yarinyar nan soja ce.

Ta bango nake jin gidan. Ban taɓa jin gida mai dariya irin na Maharazu a watannin nan ba. A cikin dariyar kuma na fara jin wata sabuwar murya. Kafin Murja ta shiga kowane ɗaki sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ni ce, ni ce." Wannan ma ya zama abin wasa. Maharazu ya riƙa kwaikwayonta da siririyar murya, Habiba na dukan cinya tana cewa wallahi zai kashe ta da dariya.

Kumatun suka zube. Ta fara zama a laburare har a tashi, in ta dawo kuma ta zauna a kan matakalar ƙofata da jaka a cinya, wai tana shan iska, alhali ana yayyafi.

Jajiberin Sallah ta zo yi mini lalle kamar yadda ta saba. Ta kama hannuna, ta ɗora bakin ledar, layin farko ya tafi a karkace. Ta goge. Na biyu ya yi ɗigo-ɗigo. Ta ajiye ledar, ta matse hannuwanta a tsakanin gwiwoyi.

"Sanyi ne, Anti."

"A watan Yuni?"

Can ta ce, "Jiya sister ta karɓe allura daga hannuna a gaban mara lafiya. Ta ce in je in sha ruwa."

Raina ya ɓaci, ɓaci mai tsanani. Na ɗauki mayafi na shiga gidan. Habiba na tarar tana soya cincin.

"Habiba, kina kallon ƙanwarki kuwa?"

"Anti, wasa ne fa. Ta gaske ce? Ba ta gaske ba ce. Abban Zarah ba shi da mugunta, kowa ya sani. Mutumin da ya ba ta ɗaki, yake kai ta tasha in ana ruwa? Murja ce dai da riƙo. Kuma ki duba, tun da ya samu abin nan ba ya fita yawo, kullum yana gida yana dariya. Wace mace ce ba ta son haka?"

Maharazu ya leƙo da 'Yar Baƙa da tsumma yana goge ta.

"Anti, ai therapy nake yi mata kyauta. Na karanta. Maganin tsoro shi ne sabo. Nan gaba za ta gode mini."

"A kulob ɗin naku haka aka koya muku, a saita mutum?"

"Can daban, gida daban," ya ce, ya miƙo mini cincin.

Murja ta gaya wa mahaifiyarsu a waya. Ta kunna mini amsar da Inna ta aiko. Murya ce mai sanyi, ta tsohuwa mai son 'ya'yanta. Ta ce a yi haƙuri, zaman gidan wani sai da kawar da kai. Ta ce abokin wasa ba a kai ƙararsa, abin kunya ne. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kada Murja ta zama sanadin ɓacin auren yayarta. Ta rufe da addu'a mai tsawo.

Sai ranar robar wanki. Da rana tsaka ne, Maharazu yana harbin gwangwanayensa, wannan karon da ƙwaya a ciki. Murja ta fito da robar wanki a ƙugu za ta yi shanya, ta tsaya daga nesa ta ce, "Ni ce, ni ce." Na ga ya juyo, na ga ya rufe ido ɗaya. Tas. Ƙwayar ta huda robar ta shige cikin jiƙaƙƙun kaya. Murja ba ta yi ihu ba, ba ta saki robar ba, ta dai ƙame.

"Maharazu, ka haukace ne?" na ce, da ƙarfin da har maƙwabta suka leƙo.

"Anti, ba ki ga saiti ba? Ko rigarta ban taɓa ba. Habiba, zo ki gani, zo ki ga tsakiya."

Habiba ta fito, ta sa yatsa a hudar. Na ga fuskarta ta canza na ɗan lokaci. Sai ta kalli mijinta yana ta murna, ta ce, "Kai dai ba ka ji, ka ɓata mini roba." Aka ajiye robar a kan firij, kusa da takardun kulob.

Da yamma na ce wa Murja ta kwaso kayanta ta dawo gidana. Ta ce me za ta ce wa Inna, a ji ta bar gidan yayarta ta koma maƙwabta? Na ce to zan kira 'yan sanda. Ta kama mayafina da hannuwan nan masu rawa.

"Anti, ki rufa mana asiri. Saura kaɗan. In na ci jarrabawa zan samu aiki, in kama ɗaki, shi ke nan ba wanda ya ji."

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawar aka yi wa Maharazu waya, za a zo duba gida saboda lasisin mai dogon baki. Ranar kamar an ba shi kujerar Makka. Ya riga ya zaɓi bindigar, hotonta ne a fuskar wayarsa. Ya sa aka kafe akwatin ƙarfe a bango, Habiba ba ta ƙara maganar huda bango ba. Aka wanke labule, aka yi turaren wuta, aka soya sambusa. Ya sa farar shadda da hula, ya cire, ya sa kwat, ya sake komawa shadda. Ya roƙe ni in zo in zauna, a ga suna da dattawan arziki a kusa. Na je, don ina son in ga ƙarshen abin. Ya tara mu ya ba da umarni: kada wanda ya ambaci tsaron gida, kada wanda ya ambaci atisaye. Manya ya gaya wa. Wa zai tuna da 'yar shekara shida?

Jami'ar da ta zo wata Baturiya ce mai furfura, ba ta sa kayan sarki ba. Da ta ga takalma a bakin ƙofa sai ta cire nata, Habiba ta ji daɗi har da dafa ƙirji. Ta duba akwatin, ta jijjiga shi, ta gyaɗa kai. Ta yi tambayoyi, Maharazu na amsawa da Turancin ofis, yana ba ta dariya. Komai ya tafi sumul. Ta ce saura ta gaisa da mutanen gida ɗaya-ɗaya, sannan ta wuce.

Amma baƙo ba ya barin gidan Bahaushe bai sha ruwa ba. Kuma uwar gida ba ta tashi ta bar baƙuwa alhali akwai ƙanwa a gidan.

"Murja, kawo shayin," in ji Habiba.

Tun daga kicin muka fara jin kofuna na kaɗawa a kan tire. Ta tsaya a bakin falo ta ce, "Ni ce, ni ce." Jami'ar ta ɗago kai. Murja ta tako a hankali, idonta a kan butar shayi. Sai Zarah ta faɗo daga bayan kujera da yatsu biyu.

"Hands up, thief!"

Tiren ya tafi. Kofuna, sambusa, ruwan zafi, duk a kan kafet. Murja ta zube rub da ciki a tsakiyar falo, ta ɗora hannuwa a ƙeya, ta manna fuska a ƙasa.

"Don Allah kada ku harba," take cewa. "Don Allah. Ba ni da komai."

Zarah ta ƙyalƙyale da dariya, ta juya wajen baƙuwa don a yaba mata. "Auntie Murja is always the thief," ta ce. Jami'ar ta tambaye ta a hankali wane irin wasa ne wannan. Yarinya ta zayyana komai, tana tsalle. Yadda Daddy ke laɓewa a bayan firij. Yadda yake sa mata a bayan kunne. Ta ja matar da hannu har kicin ta nuna mata robar da ke kan firij, ta sa ɗan yatsanta a hudar don a ga saitin babanta.

Maharazu bai daina murmushi ba. Ya bi su yana bayani. Ya ce al'adarmu ce, ƙanwar mata abokiyar wasa ce, a wajenmu wannan ƙauna ce, Bature ba zai gane ba. Matar ta saurare shi har ya gama. Sannan ta dawo falo ta durƙusa kusa da Murja, ta tambaye ta ko ita ma wasan take yi. Ni na sauke mata hannuwa daga ƙeya, suna karkarwa kamar na mai zazzaɓin cizon sauro.

Kafin la'asar an zo an tafi da 'Yar Baƙa. Lasisi ya sha ruwa, kulob ya sallame shi. 'Yan sanda sun so Murja ta shigar da ƙara, ta ƙi, ta ce ba za ta kai mijin yayarta kotu ba.

Kuna tsammanin an gode mata? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Maharazu bai yi fushi da 'yan sanda ba, bai yi fushi da 'yarsa ba. Ya daina amsa gaisuwar Murja. Ya gaya wa Inusah da sauran abokai cewa da gangan ta yi, ta zaɓi ranar da baƙuwa ta zo. Habiba ta yi kuka ta ce an tozarta mijinta a gaban Baturiya, a cikin gidansa, da shaddarsa. Inna ta aiko da sabon saƙo, wannan karon babu addu'a a ƙarshe. Da kanta Murja ta ƙwanƙwasa ƙofata da akwati ɗaya. Da na buɗe ta ce, "Ni ce."

Na raka ta jarrabawa. Na zauna a waje ina jan carbi. Ba ta daɗe ba ta fito, ta zauna kusa da ni, ta tura hannuwa cikin aljihun riga.

"Sun ce in huta, in ga likita. In an ga dama baɗi."

Ba ta yi kuka ba. Ni na yi.

Abin da ke ci mini rai har yau, babu wanda ya ɗauki kansa mugu a gidan nan. Da mari ne, da an ga shatin yatsu an kira dattawa. Amma dariya ce, kuma wa zai kai ƙarar dariya? Wasan da kakanninmu suka bar mana don ƙanwa ta sake a gidan yayarta, shi aka ɗauka aka ɗaure ta da shi. Maharazu ya sayi bindiga don kada wani ya shigo ya tsorata iyalinsa. Ɓarawon keke bai sake dawowa ba. Duk tsoron da aka ji a gidan nan, maigida ne ya shigo da shi da kuɗinsa, har da tsire da lemo.

Bayan wasu makonni, wata Asabar da hantsi, Habiba ta shigo da kular dambu, fuska a sake, tana ta zuba kamar ba abin da ya faru.

"Alhamdu lillahi, Abban Zarah ya warware. Jiya har da waƙa. Ya sayo wata, amma ta wasa ce wannan karon, ƙwayar roba take harbawa, ba ruwan kowa da ita. Ruwan hoda ce ma, Zarah ta zaɓa, in kin gani sai kin yi dariya." Ta juya wajen ƙanwarta. "Murja, tashi mu je ki ba shi haƙuri, a wuce wajen. Ya ce in kin durƙusa kin ce ya yafe miki, shi ke nan, ɗakinki na nan."

Murja na zaune a kan kujerar kicin ɗina. Ta zaro hannuwanta daga cikin hijabi ta miƙa.

"Yaya, riƙe mini su tukuna."

Habiba ta yi 'yar dariya, ta kama. Dariyar ta tsaya. Ta ƙara matsewa, kamar in ta matse za su daina. Ba su daina ba. Rawar ta bi ta hannun Habiba har awarwaronta suka fara kaɗawa. Tun da aka fara wasan nan, ranar ce ta fara riƙe su ta tsaya.

Ta taga muka ji ƙofar kicin ɗinsu ta buɗe. Muryar Maharazu na rera wani abu, sai ta Zarah ta saman katanga, cike da murna.

"Mummy, come. Daddy says you're the thief now."

Habiba ba ta motsa ba. Murja ta dubi yayarta, ba da fushi ba, da tausayi.

"Je ki, Yaya, ana kiranki," ta ce. "Sai dai ke ba abokiyar wasansa ba ce. Ban san me za a ce wa Inna ba."